Kilinikin da ke bin ƙanwata tun da anka cire mata sirenal: abin da na gani, mai daɗi da maras daɗi

Mutane da yawa na tambayata wane likita ke duba ƙanwata nan Maradi tun bayan aikin cire sirenal (wasu ƴan tsokoki biyu da ke bisa ƙoda) da anka yi mata waje, to bari in amsa gaba ɗaya kowa ya ji. Kilinik ne mai zaman kanshi, ƙarami, ba irin manyan nan masu bene ba. Ba zan kama suna ba saboda akwai ƙorafi cikin maganata kuma ba tozarta kowa na zo yi ba, mai buƙata ya san inda zai same ni. Likitan kanshi ya ci kuɗɗinshi halal har da ƙari, amma wajen karɓar mutane, da labo, da maganar samun magani, akwai gyara sosai, kuma zan faɗi duka.

Ciwon nata sunanshi Kushin, sunan wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne na Amurka, Harvey Cushing, da ya yi cikakken bayaninshi a 1932. Yarinya siririya, sai fuska ta fara cika tana zama kewayayya, ciki ya yi gaba, wuya ya tara kitse ta baya, amma ƙafafu da hannuwa sai ramewa suke har hawa kabo-kabo ya zama mata aiki. Fatar ciki ta tsattsage da wasu layuka masu duhu, al'ada ta tsaya, gashi ya fito mata a haɓa, tansiyo ta hau, suga ya hau. Kun san garin nan, kafin a je ko'ina har an yanke hukunci, wasu sunka ce ƙwayar ƙiba take sha a ɓoye, wasu sunka ce man bilicin ne, wasu kuma sunka ce sammu. Abu na farko da ya sa na yarda da likitan ga shi ne yadda ya yi mata tambayar ko tana shan ƙwaya ko shafa mai. Dole ya yi ta, domin mafi yawan masu irin wannan kamannin ba ƙari ke gare su ba, ƙwayar deksametazon ce ta masu tebur da mayukan shafawa masu kortikoyid (magungunan da ke kwaikwayon wani sinadarin jiki mai suna kortizol) ke jawo musu. Amma bai yi ta gabana ba. Ce mani ya yi, "Malam, ɗan ba mu wuri," ya kira ma'aikaciya mace ta zauna, sannan ya tambaye ta. Da ta ce ba ta sha ba ta shafa, bai tsaya yi mata kallon maƙaryaciya ba, ya rubuta analiz. Wurare nawa munka je kafin nan anka sa ta kuka kan wannan magana.

Abin da anka gano, wani ɗan ƙari ne ƙanƙani cikin hipofiz, wata ƴar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa bayan hanci. Ita ke aika sinadarin da ake kira ACTH zuwa ga sirenal, su kuma sirenal ɗin guda biyu ne, kowace na zaune bisa ƙoda ɗaya, nauyin kowace bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Ɓawonsu na waje ke yin kortizol, sinadarin da ke riƙe jiki lokacin ciwo ko wahala, da aldosteron, cikinsu kuma ke yin adrenalin. Ƙarin nan yana ta turo umarni ba tsayawa, sirenal na ta zubo kortizol, shi ne jiki ya rikice. An yi mata aikin farko ta hanci a waje don a cire ƙarin, bai ci ba. An ɗora ta kan ketokonazol, maganin rage kortizol, hanta ta fara nuna ba ta so. Shi ne anka zo kan maganar ƙarshe, a cire sirenal ɗin dukka biyu, ciwon ya tsaya nan take, amma ta sha magani har ƙarshen rayuwarta, ba hutu ko na kwana guda.

To nan ne wani dillalin tahiya asibitin waje ya shigo mana, irin waɗanda ke haɗa ma biza da masauki da tafinta. Ya ce ai akwai inda za a cire mata su, a yanki lahiyayyen wuri a dasa mata a cinya, ta dawo gida ba ƙwaya ba komai, sai dai kuɗɗin sun ɗara. Wallahi ranar gidanmu kamar an yi salla. Inna har ta fara lissafin gonar da za a saida. Kowa ya san abin da ake nufi da budurwa ta rayu kan ƙwaya kullum a garin nan, maganar aure, maganar haihuwa, maganar mutane. Na ɗauki maganar na kai ma likitan ga ina jiran ya ce Alhamdulillahi.

Abin da ya yi ranar shi ne dalilin rubutun ga. Bai yi mani dariya ba, bai kuma ce ƙarya ne ba, don ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Ya jawo takarda ya zana ƙoda da sirenal bisanta, ya ce aikin akwai shi kuma tsoho ne. Wani likitan tiyata na Amurka, James Hardy na jami'ar Misisipi, wanda shi ne ya fara dasa ma ɗan Adam huhu a 1963, tun shekarun 1960 yake yi ma masu Kushin wannan dashen. Ana cire sirenal, a yanyanka ɓawon sirara-sirara, a buɗe ƴan aljihuna cikin tsokar cinya a cusa su, wasu likitocin kuma a hannu ko a tsokar ciki suke sawa. Dabarar sa shi a cinya ita ce in ya yi ƙarfi fiye da kima ana iya rage shi da ƙaramin aiki ba sai an sake buɗe ciki ba. Kuma da yake naman mutum ne na kanshi, jiki ba ya ƙin shi, ba a buƙatar magungunan nan masu kashe garkuwa da masu dashen ƙoda ke sha. Har nan duk daɗi.

Sai ya ce to saurara. Sirenal tana shan jini fiye da girmanta, ƙananan jijiyoyi masu yawa ke shigo mata ta hanyoyi uku, jinin ya fita ta jijiya guda. In ka yanko ta ka raba ta da wannan duka, sai ta zauna jiran sabbin jijiyoyi su tsiro su same ta, kuma kafin su iso da yawa daga cikin naman ya mutu. Ya ce mani, "Kai ɗan Maradi ne, ka san dashen tumatir a gulbi, ka tuge shi ba saiwa ka kafa a ƙasa, wani ya kama, da yawa su bushe, kuma ba ka sanin wane ne sai an kwana biyu." Waɗanda nasu ya kama ma, sau da yawa ɗan abin da yake fitarwa ba ya isa a bar magani, kuma ana ɗaukar watanni ko shekaru kafin a san matsayinshi, duk tsawon lokacin mutum na shan ƙwayarshi. Kaɗan ne sunka bar magani gaba ɗaya. A ƙasar Sin wasu likitoci sun gwada dasa shi tare da jijiyarshi, su ɗinke ta da wata jijiya wajen matsematsi don jini ya samu hanya tun ranar farko, amma aikin bai zama abin da ake yi ko'ina ba.

Wurin da ya fi tsaya mani a rai shi ne na biyu. Ga mai Kushin irin nata, ƙarin hipofiz yana nan bai tahi ko'ina ba, yana ci gaba da turo ACTH. Wannan ACTH ɗin shi ke taimaka ma dashen ya kama, kuma shi ɗin dai ke iya hura shi ya girma har ciwon ya dawo daga cinya, an taɓa gani. Ke nan in bai kama ba kuɗɗi sun tahi, in ya kama da ƙarfi an koma gidan jiya. Mafi hatsari kuma shi ne na tsakiya, wanda ya kama rabi da rabi, mutum ya ɗauka ya warke ya yi sakaci da ƙwaya, ranar da zazzaɓi mai zafi ya zo jiki ya nemi kortizol mai yawa dashen ya kasa bayarwa. Ya ce a Paris ko Tunis mai irin wannan yana kusa da labo da zai auna shi duk lokacin da aka so. Ita kuwa za ta dawo Maradi ne, kilomita sama da 600 daga Yamai.

Na tambaye shi to me ya sa na ji ana dasa wani abu a hannu kuma yana aiki. Ya ce wannan paratiroyid ne, ƴan ƙananan tsokoki na wuya masu kula da kalsiyom, su kam suna kamawa sosai a tsokar hannu kuma ana yi yau da gobe, kada in haɗa su. Ya ƙara da cewa akwai wani ciwon sirenal daban, feyokromositom, ƙari ne na cikin tsokar mai sa tansiyo ta yi tsalle, wani lokaci gado ne cikin dangi kuma yana kama dukka biyu. Masu wannan ciwon ma an gwada musu dashen bai ba da abin kirki ba, shi ya sa yanzu in zai yiwu likita ke cire ƙarin ya bar wani yanki na ɓawon a mazauninshi da jijiyoyinshi, kusan kashi ɗaya cikin uku na guda ɗaya na iya riƙe mutum. Amma wannan ba na ƙanwata ba ne, ita ɓawon ne kanshi ke zubo abin da ke cutar da ita, barin shi barin ciwo ne.

Ya rufe da wata magana da nake so duk mai irin matsalarmu ya riƙe. Dashen naman mutum na kanshi ana yin shi ne a cikin aikin nan guda, naman na da rai. Da zarar an cire an jefa cikin ruwan magani an kai labo, shi ke nan. Don haka duk wanda ya zo ma wanda anka riga anka yi ma aiki ya ce a biya a dasa mashi nashi, ɓarawo ne kai tsaye. Sannan ya ce kada in tsaya kan maganarshi shi kaɗai, ya rubuta mani tambayoyi da Faransanci in kai ma likitan da zai yi aikin: mutum nawa ya yi ma wannan dashen da hannunshi, nawa cikinsu sunka bar magani, nawa ciwon ya dawo ma. Da munka tura ma dillali tambayoyin, amsa ba ta zo ba har yau. Likitan da ya yi mata aikin daga baya, a wani asibitin daban, abin da namu ya faɗa shi ya maimaita kusan kalma da kalma.

Ni a ganina wannan zaman kaɗai ya biya duk abin da munka taɓa kashewa a kilinikin. Ba abin da zai samu in mun fasa, ba abin da zai rasa in mun tahi, ya zauna ya ɓata lokacinshi mutane na jira waje, ya hana mu saida gona. Kuma bai yi mana ta hanyar tsoratarwa ba, hujja ya jera har ni da ban yi karatun likita ba na iya komawa gida na zana ma Inna a ƙasa ta gane. Ta yi kuka, amma ta gane.

Aikin an yi shi da kamara, ƴan huji ne a ciki ba a tsaga ta ba, irin aikin da anka fara a Kanada a 1992. Ta dawo, kuma daga nan ne ainihin hidimar kilinikin ta fara.

Maganinta biyu ne. Hidrokortizon, wanda ke maye kortizol, babba yakan sha tsakanin miligiram 15 zuwa 25 a yini a raba biyu ko uku, ita 20 ya sa mata, 10 da ta farka da asuba, 5 da azahar, 5 da la'asar, don kuwa haka jiki ke yi da kanshi, da safe ya fi zubowa. Ƙwayar ta 10 ce, ana karya ta biyu. Sai fuludrokortizon, mai maye aldosteron, shi ke riƙe gishiri da ruwa a jiki, ƙwaya ƙanƙanuwa sau ɗaya da safe. Ya rubuta mata kati da Faransanci da Ingilishi, saboda muna shiga Katsina da Kano, anka yi mashi leda tana yawo da shi a jaka, an rubuta ba ta da sirenal, in an same ta a sume a yi mata allurar hidrokortizon miligiram 100 nan take a sa mata ruwan gishiri, kada a jira analiz. Ya koya mata dokar ranar ciwo har sai da ta haddace: zazzaɓi ya kai 38 ta ninka ƙwayar hidrokortizon biyu, ya kai 39 ta ninka uku, in amai ya hana ƙwaya zama ko zawo ya yi yawa to ba sauran jira, allura a cinya sannan asibiti. Kuma bai yarda ita kaɗai ta iya ba, ya ce wanda ke sume ba ya yi ma kanshi allura. Ni da matata da autanmu duk sai da munka zo, ma'aikaciyar ta nuna mana yadda ake haɗa garin da ruwan a zuƙe a soka, kowa ya gwada gabanta. Ban biya ko dala ba kan wannan darasin.

Abin ya yi rana da damina. Masasara ta kama ta cikin dare, ta sha ƙwaya ta amayar, ta sake ta amayar, jiki ya saki tana magana ba a ji. Matata ta yi mata allurar tun a gida kafin a samu mota. Na kira lambar da likitan ya ba mu, ƙarfe biyun dare ya ɗauka.

To amma daren nan ne kuma na ga babban raunin wurin, kuma shi ne ƙorafina na farko. Mai aikin dare da munka tarar, majo ne (ma'aikacin jinya) matashi, bai san zancen ba sam. Na miƙa mashi kati yana juya shi, ya ce sai an yi gwajin masasara tukuna, wai kortikoyid ba a ba mai tansiyo. Sai da na haɗa shi da likita a waya sannan ya sa ruwa. Ba laifin yaron nake gani ba, ba a koya mashi ba ne. Amma kilinikin da ya san yana da marasa lahiya irin wannan, ko su biyu ne, ya kamata a manna takarda a ɗakin gaggawa kowane ma'aikaci ya san su. Ilimin duk yana kan mutum ɗaya, ranar da ya yi tahiya ko wayarshi ta mutu fa? Na faɗa mashi haka ido da ido, ya karɓa, daga baya na ga an manna takardar, amma ma'aikatan dare na canzawa kuma ban ga ana zama da sabbi ana yi musu bayani ba.

Na biyu jira. Ana ba ka randebu ƙarfe tara, ka ga likita bayan azahar. Na san dalili, mutumin ba ya korar kowa, yadda ya zauna da ni haka yake zama da kowa, don haka ba na jin haushinshi, amma mai karɓar mutane a ƙofa ba ta bin layi, wanda ta sani ko mai babbar riga sai ka ga ya wuce. Wurin zaman rumfar kwano ce, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40 ka zaunar da mai irin ciwon ga awa huɗu tana zufa, ita da gishiri ke zubewa daga jikinta, wannan ba daidai ba ne. Yanzu da gorar ruwa da ƙwayar azahar muke zuwa. Ko randa guda su aje ai an rage.

Na uku labo. Awon suga da na sodiyom da potasiyom suna yi nan take kuma sakamakon na fitowa da wuri, ba ni da ta cewa. Amma ACTH sai an aika, kuma jinin nan ba ya son zafi, dole a sa shi cikin ƙanƙara tun daga ɗiba. An taɓa ɗibar mata anka ce ya lalace a hanya, munka sake biya cikakke, ba wanda ya ce a yi haƙuri balle a rage. Awon ga kuwa ba na ado ba ne. Wanda anka cire ma sirenal saboda Kushin, ƙarin hipofiz ɗin na iya samun sarari ya girma, fata ta yi baƙi ƙirin, kai ya riƙa ciwo, har ya danne jijiyar gani, shi ake kira ciwon Nelson, sunan likitan da ya bayyana shi a 1958. Don haka dole a riƙa bin ACTH ana kuma yin hoton IRM na kai lokaci zuwa lokaci. Likitan na duba mata tafin hannu da dasashi da gefen gani duk zuwa, yana rubuta ranar hoto na gaba a karne ɗinta da jan biro, wannan kam ba ya wasa da shi. Amma shirya tahiyar hoton da neman wuri duk a kanka yake, kilinikin ba ya kira ma ko'ina.

Sai maganar da ta fi hana ni barci, fuludrokortizon. Hidrokortizon ana samu a farmasin gari, wani lokaci ya yanke kwana kaɗan ya dawo, in ya yanke ma likita ya nuna mana yadda za a riƙe da wani magani irinshi, firedinizolon, kafin a samu. Amma ɗayan wahala ne. Ɗan kantin maganin da ke cikin kilinikin ba ya aje shi, wai masu saye ba su da yawa. Sai mun yi saƙo Yamai, ko Kano, ko wani ɗan uwa mai zuwa daga Faransa. Lokacin da anka rufe iyaka a 2023 mun ga tashin hankali, hanyar Dan Isa da Jibiya da munka saba ta tsaya, muna ƙirga ƙwaya ɗaya ɗaya. Likitan ya yi ƙoƙari, shi ya haɗa mu da wani gida mai irin matsalar munka riƙa ranta ma juna, ya kuma kafa mana doka kada ajiyarmu ta taɓa kasa ta wata uku. Amma wannan kirkin mutum ne, ba tsarin wuri ba. Kilinikin da ke rubuta magani ya kamata ya san inda za a same shi. A kula kuma, wani samfurin na son firijo, wani ba ya so, a karanta takardar ciki, da yadda wuta ke ɗaukewa lokacin zafi gara a nemi wanda ke jure ɗaki. Kuma don Allah kada a sayi waɗannan wurin masu tebur a kasuwa, ranka ne a cikin ƙwayar.

Wani abin da na yaba, likitan yana sanin gidan da mara lahiya zai koma. Shekaru Inna na dafa ma yarinyar nan abinci ba gishiri saboda tansiyo, bayan aiki ta ci gaba da hakan da kyakkyawar niyya, yarinya na ta jiri in ta miƙe. Da ya gano sai ya ce a zo da Inna. Ya gaishe ta har ƙasa, ya ce, "Inna, da can gishiri abokin gabarta ne, yanzu abokinta ne, ki sa mata kamar na kowa, lokacin zafi ma ki ƙara." Daga bakinshi ta yarda, mu mun faɗa ba ta ji ba. Haka maganar azumi, bai yi mata fatawa ba, ya ce shi ba malami ba ne, amma ya gaya mata gaskiya cewa yini guda cikin zafin Maradi ba ruwa ba ƙwayar rana hatsari ne gare ta, ya rubuta bayani a sauƙaƙe ta kai ma malaminmu, malam ya karanta mata ayar da ta sauƙaƙa ma mara lahiya ya ce ta ciyar. Ta ji zafin abin ƙwarai, shekarar farko ɗaki take shiga in an kira magariba, amma ba ta yi gardama ba.

Ya kuma gargaɗe mu kan abubuwan da ban taɓa tunani ba. Ko haƙori za a cire mata sai an ƙara magani. In Allah Ya sa ta kamu da tarin fuka, maganin da ake kira rifampisin na sa hanta ta cinye hidrokortizon da sauri, dole a ƙara. Ya ce tarin fuka ɗin ma da kanshi yana cinye sirenal, yana cikin manyan dalilan da ke sa mutane a ƙasashenmu su rasa su ba tare da wani aiki ba, ciwon da Thomas Addison ya bayyana a Ingila tun 1855, kuma da yawa na mutuwa ana cewa taifot ne ko rama. Da ta tambaye shi maganar da ke ranta, kanta a sunkuye, ya amsa mata kai tsaye: "Ƙanwata, za ki iya aure, za ki iya haihuwa in Allah Ya nufa, sharaɗi guda, ki zo mani tun watan farko, kuma ranar naƙuda a asibiti da allura a shirye, ba a gida ba." Al'adarta ta dawo, fuskar ta sauka, sugan ya daidaita har an tsaida maganinshi. Layukan ciki dai sun dushe ne ba su ɓace ba, kuma ya faɗa mata hakan tun farko.

Kuɗɗin ganinshi jika 10 ne, in ka dawo da sakamakon analiz cikin kwanakin da sunka yanka ba ka sake biya. Ga talaka da yawa ne, ban musa ba, amma wanda ya taɓa biyan mota zuwa Yamai da masauki don ganin likita na minti biyar ya san bambanci. Ba sa karɓar bashi, analiz kuma kuɗɗi hannu.

In za ku je, ku je da sassafe ku rubuta suna da kanku kada ku dogara da randebun waya, ku ɗauko duk takardun aikin da anka yi da sakamakon labo na naman da anka cire, da kwalayen magungunan da ake sha har da na gargajiya da mayukan shafawa, zai tambaya. Ranar Juma'a rabin yini yake yi. Kuma tun zuwan farko ku roƙe shi ya rubuta muku odonans ɗin allurar gaggawa guda biyu, ɗaya a gida ɗaya a jaka, ku duba ranar lalacewarta kafin ku bar farmasi, don an taɓa miƙo mana wadda saura wata guda ta mutu.